Ku Tambayi Soket Kafin Ku Tambayi Farashi



Wata ranar Asabar bayan La'asar, ana tsakiyar zafin Afrilu, ɗan yayata ya yi sallama ya shigo mini gida a Jimeta rungume da akwatin kwamfutarsa ta girke. Yaron yana da ɗan shago inda yake buga takardu, yana yi wa ɗalibai rajista ta intanet, yana kuma zana katin biki da fosta. Wata huɗu ya yi yana tara kuɗi domin ya ƙara wa injin nan ƙarfi. Ya yi magana ta waya da wani mai shago a Legas, ya tura kuɗi, aka ba direba saƙo, bayan kwana uku ya je tasha ya karɓo. Furosesa ce Core i5 zubi na takwas. Ya buɗe akwati, ya cire tsohuwar, ya ɗora sabuwar, ta zauna daram kamar domin wurin aka ƙera ta. Ya danna makunni, allo ko gezau. Ya cire, ya mayar, ya goge ram, ya canza waya. Shiru.

Ya ce da ni, "Kawu, an cuce ni, matacciya aka turo mini."

Na ɗauki tocila na haska cikin akwatin, na karanta sunan da ke rubuce a jikin madabod ɗin, wato babban allon da ake dasa dukkan sauran kayan a kansa. H110 ne. Na ce masa furosesarsa lafiyarta ƙalau, allonsa ma lafiyarsa ƙalau, sai dai ba za su taɓa zama tare ba. Ya ce ai ya duba, duka biyun an rubuta musu LGA 1151. Gaskiya ya faɗa, haka aka rubuta. A nan ne kuskuren ya ɓuya, kuma saboda shi na zauna rubuta muku wannan nasiha, domin kuɗin da yaron nan ya yi wata huɗu yana tarawa ya fi ƙarfin a yi asararsa a kan tambaya ɗaya da ba a yi ba.

Wanda ke zaune a Ikeja, idan ya yi irin wannan kuskure, zai taka zuwa Computer Village ya roƙi a musanya masa kafin Magariba. Na Kano zai leƙa titin Beirut ko Farm Centre. Mu da ke bakin Binuwai, kusa da iyakar Kamaru, yawancin irin waɗannan kaya daga nesa suke zo mana, a hannun direba, kuma abin da ya sauka a tashar Jimeta da wuya ya koma inda ya fito. Ga shi da dala ake shigo da su ƙasar. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya har ta haura 1,500 a 2024, kowane ɗan guntun ƙarfe da ke cikin kwamfuta ya zama dukiya. Don haka abin da ga wani wasa ne na masu sha'awar injina, a wurinmu maganar jari ce.

Soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod. Ɗan fili ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, amma ta nan wuta take shiga furosesa, ta nan kuma take magana da ram da katin hoto da ma'ajiya. Lambar da ke jikin sunansa, kamar 1151 ko 1700, yawan fil ne, ƙananan ƙafafun ƙarfe da ke taɓa cikin furosesa. Kowane fil da aikinsa. Tun da aka mayar da sashen da ke sarrafa ram cikin furosesa kanta, AMD a 2003, Intel a 2008, duk lokacin da nau'in ram ya canza, ko buƙatar wuta ta ƙaru, akwai dalilin sake tsarin ƙafafun nan. Wannan dalili na gaskiya ne. Amma akwai na biyu, na kasuwa: kamfani yana samun ciniki idan ka sayi sabon allo. Kada ku ɗauka kowane canji tilas ne ya kawo shi, kada kuma ku ɗauka kowanne son kuɗi ne. Duka biyun suna nan a cakuɗe.

Al'adar Intel, fiye da shekara goma, ita ce zubi biyu a soket ɗaya, sannan a tashi. LGA 1155 ya fito a 2011, ya ɗauki zubi na biyu da na uku. LGA 1150 ya zo a 2013 da na huɗu, na biyar ya ɗan leƙa ya wuce. A 2015 aka kawo LGA 1151 domin na shida da na bakwai. To a Oktoban 2017, da zubi na takwas ya fito, Intel ta ƙara yawan ƙwayoyin aiki a cikin i5 da i7 daga huɗu zuwa shida, ta sauya aikin wasu ƙafafun domin su kai ƙarin wuta, amma ta bar sunan soket da yawan fil da siffarsa yadda suke. Sakamakon haka allunan H110, B150, B250, Z170 da Z270 na zubi na shida da na bakwai ne, su kuwa H310, B360, B365, Z370 da Z390 na takwas da na tara. Ido ba ya bambance mazaunin. Kama da wane ba ta wane. Akwai masu ƙwaƙƙwafi a wasu ƙasashe da suka yi wa BIOS, wato manhajar da ke tayar da allon, kwaskwarima suka tilasta auren, har ya zauna a wasu allunan, abin da ya sa mutane da yawa suka ce da kamfanin ya so da ya bari. Ni ma haka nake gani. Sai dai ban yarda ɗayanku ya gwada wannan a kan injin da yake ci da shi ba.

Daga nan LGA 1200 ya zo a 2020 domin na goma da na sha ɗaya, shi ma da tarkonsa, don allunan H410 da B460 ba sa ɗaukar na sha ɗaya. LGA 1700 na ƙarshen 2021 ya ɗan fi su tsawon rai, ya ɗauki na sha biyu, na sha uku da na sha huɗu. A Oktoban 2024 aka koma LGA 1851.

Yanzu ku saurari labarin AM4, domin a kansa nake so in tsaya.

AMD ta fito da wannan soket mai fil 1,331 a 2016, a lokacin da kamfanin yake baya ƙwarai a kasuwa. A Maris 2017 Ryzen na farko, sabon jerin furosesan AMD, ya hau kansa, kuma kamfanin ya yi alkawarin zai ci gaba da ƙera masa furosesa har 2020. Ryzen 2000 ya zo a 2018, Ryzen 3000 a Yulin 2019, duka a mazauni ɗaya. Mutumin da ya sayi allon B350 mai araha a 2017 ya ga ana ta haifar sababbin furosesa masu shiga gidansa ba tare da ya rushe komai ba.

Amma tafiyar ba ta tafi sumul ba, kuma a nan darasin yake. A Mayun 2020 AMD ta sanar da cewa zubi mai zuwa, Ryzen 5000, ba zai yi aiki a allunan B450 da X470 ba, balle na kafinsu. Hujjarta ita ce ɗan guntun da ke riƙe da BIOS a yawancin allunan nan megabait 16 ne kawai, ba zai iya ɗaukar bayanan dukkan furosesan ba. Masu saye a duniya suka yi ca a kanta, suna cewa an yi musu alkawari, wasunsu ma watanni kaɗan da sayen B450. Ba a yi sati biyu ba kamfanin ya janye maganarsa. Masu allunan farko, A320 da B350 da X370, sun ci gaba da jira har Maris 2022, sannan aka buɗe musu ƙofa su ma. A Afrilun shekarar aka fito da Ryzen 7 5800X3D, wadda ta yi gogayya da manyan furosesan zamaninta wajen wasannin kwamfuta. Ko bayan da AM5 ya gaje shi a Satumban 2022, ba a rufe AM4 ba: 5700X3D ta fito a Janairun 2024, 5800XT da 5900XT a tsakiyar shekarar. Shekara takwas ke nan ana yi wa mazauni ɗaya sababbin baƙi.

Ku auna abin da wannan yake nufi ga mai shago a Jimeta ko ɗalibin injiniya a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei. Wanda yake da B350 da Ryzen 5 1600 ta 2017, yau zai iya sabunta BIOS, ya cire furosesa ɗaya, ya sa Ryzen 5 5600 ta 2022, ram ɗinsa na DDR4 yana nan, fankarsa tana nan, akwatinsa yana nan. Abu ɗaya ya saya, injin ya tsallake shekara biyar. Abokinsa da ya sayi allon Intel a farkon 2017 ɗin, iyakarsa i7-7700 da 'yar uwarta mai harafin K, ƙwaya huɗu. Idan yana son fiye da haka, allo da furosesa zai saya tare. Wannan shi ne bambancin gidan da aka yi wa tushen da zai ɗauki bene da wanda in kana son ƙari sai ka sayi wani fili.

Ina so ku lura da abu biyu a labarin nan. Na farko, alkawarin kamfani ba ya cika kansa. Masu saye da suka san haƙƙinsu, suka san sunayen allunansu, suka buɗe baki, su suka sa aka cika shi. Na biyu, soket ɗaya ba ya nufin kowane allo yana ɗaukar kowace furosesa. Ƙaramin A320 da aka ƙera da kayan rarraba wuta marasa ƙarfi, ko da ya yarda ya kunna Ryzen 9 mai ƙwaya sha shida, a zafin Yola da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu wahala kawai zai sha, ya riƙa rage gudu don kada ya ƙone. Daidai ruwa, daidai tsaki.

AM5 kuwa, fil 1,718 gare shi, kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. AMD ta fara cewa za ta riƙe shi har bayan 2025, a 2024 ta ƙara wa'adin zuwa 2027 ko fiye. Ryzen 7000, 8000G da 9000 duk sun hau kansa. Mai kuɗin haɗa sabon inji daga tushe, wanda yake son ya daɗe yana ƙara masa ƙarfi, a ganina nan ya fi dacewa ya duba. Amma ya yi lissafin ram tukuna, domin a ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun mamaye kasuwar. DDR4 da DDR5 duka fil 288 gare su, sai dai tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. A LGA 1700 ma abin ya fi rikitarwa: furosesar tana iya aiki da kowanne, amma kusan kowane allo nau'i ɗaya yake ɗauka. Ku karanta sunan allon har ƙarshensa.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci: Malam, mu ina muka ga kuɗin AM5? Gaskiyarku. Mafi yawan kwamfutocin girke da ke aiki a garin nan, a shagunan buga takardu na kusa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, a ofisoshi, a cibiyoyin da ake rubuta jarrabawar JAMB tun da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, na hannu ne. HP ne da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su aka lodo mana. Babu abin kunya a cikin wannan. Injina ne masu ƙwari, an ƙera su domin su yi wuni suna aiki, kuma da yawansu sun ciyar da gidaje. Sai dai dokar soket tana aiki a kansu fiye da kowa, don haka ku san iyakar kowanne tun kafin ku biya. Dell OptiPlex 7010 na LGA 1155 ne, ƙarshen tafiyarsa i7-3770. OptiPlex 9020 da HP EliteDesk 800 G1 na LGA 1150 ne, iyakarsu i7-4790. Wanda ya sami irinsu da i3, zai iya ɗaga shi zuwa i5 na zubinsa da kuɗi kaɗan, kuma hakan dabara ce mai kyau. Amma kada wani ya ce muku gaba za ku sa masa zubi na takwas. Ba zai yiwu ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Yawancin waɗannan injinan ofis, allonsu da akwatin wutarsu ba irin na gama-gari ba ne. Dell tun daga su 9020 ta koma filogi mai fil takwas maimakon ashirin da huɗu da kowa ya sani, HP ma tana da nata. Ranar da ka ce bari ka cire allon ka sa wani na kasuwa, sai ka tarar filogin wuta bai dace ba, wayar makunni ba ta dace ba, wani lokaci ramukan noti ma ba su hau ba. Saboda haka ku saye su a matsayin abin da suke, inji cikakke da za a mora har ya gaji, ba tushen da za a yi ta gini a kai ba. Su kuwa 'yan ƙananan nan masu kamar littafi, an ƙera yawancinsu domin furosesa mai harafin T a ƙarshe, mai cin wat 35. Ga mai aiki da sola da inbata wannan alheri ne, amma kada a cusa musu mai wat 65 sai an tabbatar samfurin yana ɗauka. Laftof kuwa, kusan duk wanda aka ƙera bayan zubi na huɗu furosesarsa a liƙe take da dalma, babu soket ko kaɗan.

Sai maganar Windows, wadda ta sa layin da ke tsakanin zubi na bakwai da na takwas, wanda ya kayar da ɗan yayata, ya ƙara nauyi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma, a ƙa'idar kamfanin, yana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko yawancin Ryzen 2000 zuwa sama. Na san ana zagaye wannan shinge, masu gyara da yawa sun iya. Amma wanda yake shigar da bayanan mutane, lambobin shaidarsu da na bankinsu, bai kamata ya gina sana'arsa a kan zagaye ba. Ofisoshin ƙasashen waje suna zubar da injinan zubi na shida da na bakwai saboda wannan dalili, kuma kasuwanni irin namu ake kawo su, da sheƙinsu da araharsu. Idan aikinka buga takarda ne kawai, ko za ka sa Linux, to sun isa. Idan kuwa kana son injin da zai yi maka shekara biyar yana karɓar sabuntawa, ka ƙara haƙuri ka ƙara tari har kuɗinka ya kai zubi na takwas, irin su OptiPlex 3060 da 7060 ko EliteDesk 800 G4. Tazarar kuɗin ba ta kai tazarar amfanin ba.

Wata kalma da take cin kuɗin matasa ita ce "i7". Mai saye ya shigo yana cewa shi dai i7 yake so, mai shago ya miƙo masa i7-2600 ta 2011, kowa ya rabu da murna. Alhali i3-12100 ta 2022 ita ma ƙwaya huɗu gare ta, kuma ta fi waccan gudu nesa ba kusa ba, ga ƙarancin shan wuta idan an gwada da aikin da take yi. Sunan i3 da i5 da i7 matsayi ne a cikin gida ɗaya, shekarun gidan kuwa a lambar da ke biye suke. A i5-4570, huɗun farko shi ne zubi. A i5-10400, goman farko. Harafin ƙarshe ma magana yake yi: F a Intel yana nufin babu sashen nuna hoto a ciki, sai an sa kati. A AM4 kuwa akasin haka ne, wadda ba ta da G a ƙarshe, kamar 3600 ko 5600, ba za ta nuna komai a allo ba sai da katin hoto, ko da akwai ramin HDMI a bayan madabod. Na ga wanda ya yi kwana biyu yana zargin allonsa a kan wannan.

To yaya ake yi? Ba wuya. Kafin ka tura ko sisi, ka san sunan allonka cikakke, da sunan kamfanin da lambar samfurin da lambar bita idan akwai. Yana rubuce a jikinsa, kuma wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z za ta nuna maka shi tare da lambar BIOS da kake kai. Sannan ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera allon, ko ASUS ne ko Gigabyte ko MSI ko ASRock, ka nemi jerin furosesan da allon yake ɗauka. In sunan wadda kake so ba ya ciki, magana ta ƙare, ko da mai shago ya rantse. In yana ciki, ka duba gefensa, za ka ga lambar BIOS da ake buƙata. Ka sabunta BIOS ɗin tun tsohuwar furosesa tana kai, domin in ka riga ka sayar da ita, allon ba zai kunnu ba balle ka sabunta shi, sai dai in yana cikin masu ɗan maɓalli a baya da ke yin aikin da filas kaɗai. Ka kuma karanta gargaɗin da ke ƙarƙashin kowace sabuntawa, don a wasu allunan AM4 sabon BIOS yana korar tsofaffin furosesa domin ya sama wa sababbi wuri.

Ina roƙonku da babbar murya a kan abu ɗaya: kada ku taɓa sabunta BIOS a kan wutar gari tsirara. Mintuna kaɗan aikin yake ɗauka, amma in aka ɗauke wuta a tsakiyarsa, allon zai iya mutuwa a take. Ku nemi UPS mai batir mai rai, ko inbata, ko ku ɗauki akwatin ku kai inda ake da sola. Mu da muka san yadda wuta take zuwa ta tafi ba sallama, ba mu da uzuri a nan.

Wajen sawa da cirewa, ku yi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. A AM4 ƙafafun a jikin furosesa suke, kuma man da ake shafawa tsakaninta da ƙarfen sanyaya yakan bushe ya kama kamar siminti, musamman a injin da ya sha zafin garin nan. In ka fizgi fankar kai tsaye, za ta taho da furosesar, ƙafafu su lanƙwashe. Ka kunna injin ya ɗan yi ɗumi, ka kashe, ka cire wayar wuta, ka murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga. A na Intel da AM5 ƙafafun a cikin soket suke, siraran gaske, yatsa ɗaya ko bakin sukudireba ya isa ya kashe allon. Akwai alamar kusurwa uku a gefe ɗaya na furosesa da na soket, ku haɗa su, ku ajiye ta ta zauna da kanta. Duk abin da sai an danna da ƙarfi, ba wurinsa ba ne. Kuma in za ku sayi allo na hannu, ku haska cikin soket da tocilar waya kafin ku duba komai. Bayan hunturu, ku buɗe akwati ku hure ƙurar da ta toshe fanka. Soket mai tsawon rai ba shi da amfani a kan allon da zafi da ƙura suka cinye.

Akwai abin da nake jin tsoro kada ku ɗauka daga maganata ba daidai ba. Ban ce ku zuba dukkan kuɗinku a allo mai tsada saboda wata furosesa da kuke mafarkin saye bayan shekara huɗu ba. Mutane da yawa sun biya kuɗin ƙofar da ba su taɓa shiga ba. In injinka yana nauyi, sau da yawa ba furosesa ce matsalar ba. Cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, da ɗaga ram daga gigabait huɗu zuwa takwas ko sha shida, yakan farfaɗo da kwamfutar shekara goma fiye da duk wani canji, kuma soket ba ya hana wannan. Ka fara sanin inda ciwon yake. Mai haɗa bidiyon biki da mai zanen gini, su ne furosesa take tsaye musu a wuya. Mai buga takarda ba ya cikinsu.

Maganata ta ƙarshe ga waɗanda cikinku suke koyon gyara da saye da sayarwa, don na san kuna da yawa, kuma gobe a hannunku garin nan zai riƙa sayen injinansa. Wanda ya shigo shagonka bai san H110 ba, bai san B365 ba, kai ya sani. Malamar makaranta ce da ta ci bashin adashi, ko ɗalibi ne da mahaifinsa ya sayar da buhunan masara. Ka tambaye shi aikin da zai yi. Ka gaya masa zubin injin da iyakar abin da zai iya ɗauka nan gaba, ko da hakan zai sa ya fasa saye yau. In wani ya zo neman furosesa, kada ka miƙa masa sai ka ji sunan allonsa. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kuma inji da aka sayar da sunan za a iya ɗaga shi alhali an san ya kai bango, aibi ne aka ɓoye. A gari irin Jimeta, inda kowa ya san kowa, mai gaskiya a wannan sana'a ba ya rasa ciniki.

Shi dai ɗan yayata, mai shagon bai karɓi kayan ba. Ya ajiye furosesar a cikin robarta, ya mayar da tsohuwar ya ci gaba da aiki, ya sake tari na wasu watanni har ya sami allon B365 na hannu. Ram ɗinsa na DDR4 ya shiga, injin ya tashi, yanzu Windows 11 yake kai. Ya kai inda yake so, amma ya biya sau biyu, ya kuma jira sau biyu.

Ku da kuke da kwamfutar girke a gida ko a shago, ku kashe ta yau, ku cire wayar wuta, ku buɗe murfin gefe, ku haska ku karanta sunan allon. Ku rubuta shi a takarda tare da sunan soket da nau'in ram, ku manna a cikin murfin, ku kuma ɗauki hotonsa a waya. Ranar da za ku kira Legas ko Kano, ku fara karanta wa mai shagon abin da ke takardar nan kafin ku ce masa nawa ne.